Simeulue, Tsibirin da Labarin Kakanni Ya Ceta

Simeulue tsibiri ne a Tekun Indiya, kimanin kilomita 150 yamma da gaɓar Sumatra, a lardin Aceh na ƙasar Indonesiya. Jirgin fito kwana yake yi a kan ruwa kafin ya tsaya a Sinabang, babban garin tsibirin. Da gari ya waye sai na ga tsaunuka lulluɓe da kurmi, gonakin shinkafa a kwari, itatuwan kwakwa jere a bakin gaɓa, ga ɓaunar gida tana kiwo har bakin ruwan gishiri, babu mai kora. Mutanen Musulmi ne, masunta da manoman kanumfari, kuma a wannan ɗan tsibiri ana jin harsuna uku na asali: Devayan da Sigulai da Leukon.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne murjanin da na tarar a tudu. A arewacin tsibirin mutum zai taka fili fari fat, busasshe, wanda dā ƙasan teku ne. Girgizar ƙasar 26 ga Disamba, 2004, mai ƙarfin maki 9.1, ita ta ɗaga wannan yanki da kusan mita ɗaya da rabi. Dalili kuwa, tsibirin yana zaune ne a inda faifan ƙasan da ke ɗauke da Tekun Indiya yake kutsawa ƙarƙashin na Sumatra, 'yan santimita kaɗan a shekara. Ƙarfi ya yi ta taruwa, ranar da ya ƙwace sai ƙasa ta zabura.

Cibiyar wannan girgiza tana dab da Simeulue. Ambaliyar tsunamin da ta biyo baya ta hallaka mutum fiye da 220,000 a ƙasashe da dama, amma a nan, cikin mutum kusan 78,000, bakwai kacal aka rasa, duk da gidajen da ruwa ya share. Duk wanda na tambaya, amsarsa ɗaya ce: smong, sunan da suke kiran irin wannan ambaliya.

A watan Janairun 1907 girgiza ta zo, teku ya janye, jama'a suka ruga tsintar kifi, ruwa ya dawo ya cinye su. Waɗanda suka tsira ba su bar abin ya mutu ba. Suka sa shi a hirar dare, da waƙar renon jariri, da waƙoƙin gargajiya da ake kira nandong, kamar yadda kaka take zuba wa jikoki tatsuniya. Darasin gajere ne: in ƙasa ta yi girgiza mai ƙarfi, ruwa ya ja baya, a bar dukiya, a hau tudu. Shekara 97 ana maimaita shi, ranar da ambaliyar ta zo kuwa ba wanda ya tsaya jiran sanarwar hukuma.

Ƙasar ba ta huta ba. Ranar 28 ga Maris, 2005, cikin dare, wata girgizar mai maki 8.6 ta afka tsakanin Simeulue da maƙwabcinsa Nias, ta ɗaga kudancin tsibirin, sannan wata ta sake zuwa a Fabrairun 2008. A 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba al'ummar tsibirin takardar yabo ta Sasakawa kan rage ɓarnar bala'i. Inda ruwa ke isowa cikin 'yan mintoci, na'urar gargaɗi kan makara. Abin da yaro ya haddace tun yana goye shi ke kai shi tudu.