Hannuwan Babana

'Yan'uwana ɗalibai, shekara biyu ke nan muna cin tuwo a akushi ɗaya, amma sai kwanan nan na gaya muku ko wane ne ubana. Dā in an tambaye ni, sai in ce manomi ne, garinmu da nisa. Gaskiya ne, amma rabinta ke nan. Babana ya yi kuturta, yatsu uku kaɗai suka rage masa a hannun dama. Na hana shi zuwa ranar ziyara, don ina tsoron kada ku daina haɗa hannu da ni.

Abin da ya kwance mini baki ya faru sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makarantar ƙauye. A aji uku akwai wani yaro wanda kullum ya kan rufe damtsensa da riga, ko da rana ta yi zafi. Ran nan muna wasan guje-guje sai na ga wani tabo ja-ja a wurin. Na tsunkule shi a hankali, bai ji ba. Gabana ya faɗi, gama da haka na Baba ya soma. Shekara uku ya yi yana ɓoyewa don kunya, kafin ya je asibitin Mishan cutar ta riga ta ɓata jijiyoyin hannunsa.

Kwana biyu ban yi barci ba. In na yi magana, za a ce ina na san wannan? In na yi shiru kuwa, yaron nan zai bi sawun Baba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tafi wurin uban yaron, ya ce sammu ne. Na ce, "Baba, ni ɗan kuturu ne, ga ni kuwa lafiya lau." Na ba shi labarinmu duka, murya na rawa. Kashegari da kansa ya kai yaron asibiti.

To, ga abin da ya kamata kowane malami ya sani. Kuturta ba gādo ba ce, ba kuwa sammu ba. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda Likita Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa magunguna; yanzu a kan sha su wata 6 ko 12 a warke, kyauta kuma a ke ba da su. Wanda ya zo da wuri ba ya rasa ko yatsa ɗaya.

Da na komo na faɗi wannan a wurin addu'ar yamma, babu wanda ya janye akushinsa. Har mutum biyu suka same ni daga baya, kowa da nasa nauyin da ya daɗe yana ɗauke da shi.

Ranar ziyara mai zuwa Baba zai zo, in Ubangiji ya yarda. Ku zo ku gaishe shi.