Abin da ke cikin kan jatan lande

Bosso, Minna

Ƙawata,

Ya Mama da yara? Ya zafin Kano? Namu na Minna sai dai addu'a.

Kin ce in faɗa miki me ya haɗa ni da jatan lande a ɗakin gwaji. To, saurara. A cikin kansa, haka ma cikin ƙaguwa, akwai wata 'yar tsoka mai laushi, ruwan ɗorawa, wadda ke yi musu aikin hanta da narkar da abinci. Ita ke fitar da lifes, sinadarin da ke farfasa mai da kitse. Shi nake son warewa shi kaɗai.

Busasshen da muke saya a Kasuwar Kure ba ya yi, don wuta da hayaƙi sun riga sun kashe sinadarin. Sai ɗanye daga bakin teku, cikin ƙanƙara. Nakan niƙa tsokar da sanyinta, in sa a injin wulwulawa har dusa ta kwanta, in tsiyaye ruwan sama. Sai in riƙa barbaɗa gishirin amoniyam salfet kaɗan-kaɗan har furotin ya taru. Bayan an cire gishirin, a bi da ruwan ta dogon bututun gilashi, yana ɗiga cikin ƙananan kwalabe. Kowace kwalba sai na gwada ta da man zaitun. Wadda ta farfasa man, a nan mutumin yake. Daga nan in auna zafin da ya fi yi masa, da tsamin da zai iya jurewa.

Wallahi aikin ya shiga raina. Tun 1988 kamfanin Novo na Denmark ya fito da Lipolase, lifes na sabulun gari mai cire maiƙo, amma daga naman gwari aka samo shi. A nan kuwa masu sarrafa jatan lande zubar da kawunan suke yi, alhali majemun Sharaɗa da Challawa a nan Kanonku kullum fama suke da kitsen fata, wanda lifes zai iya farfasawa.

Don Allah ki tambayar mini Yaya, tunda jima ce sana'arsa: da me suke cire kitse daga fatar tumaki, kuma nawa yake ci musu? Amsarsa za ta nuna mini inda zan dosa.

A gaida kowa da kowa. Sai na ji daga gare ki.

Taki har kullum,
Ƙawarki