Hasken da ido ba ya gani

Wani tsohon ɗan kasuwar Filinge yakan ɗaga kai duk lokacin da jirgi ya ratsa samaniyar Kurfai, saboda ɗiyarsa mai hidima ce cikin jiragen sama. Da faɗuwa kaɗai yake tsoro, har ya ji cewa a tsayin kilomita 11 iska ba ta da kauri, haskoki daga sararin taurari suna ratsa ƙarfe da jiki. Alhaji mai tafiya ɗaya zuwa Jidda ba ya da damuwa. Ma'aikaci kuwa shekaru yake tarawa. Shi ya sa a 1996 Tarayyar Turai ta wajabta lissafa rabon ma'aikatan jirgi, musamman masu juna biyu. Yanzu in ɗiyar ta zo gida, bayan gaisuwa sai ya ce: «Ɗiyata, ana lissafa naki?»