Makarantar da ake dasa wa zakaru itace

Daga Eldoret zuwa Iten tafiyar ba ta cika awa guda ba a ƙaramar bas ɗin da mutanen Kenya ke kira matatu. Garin na zaune a kan tudu mai tsayin mita 2,400, a bakin gangaren da ke kallon kwarin Kerio. A mashigarsa an gitta wa titi wata ƙofa, an rubuta cewa nan ne gidan zakaru. Kowane gari na yi wa kansa kirari, amma na Iten bai jira an tambaye shi shaida ba. Da asuba, ina fitowa da bargo a kafaɗa saboda sanyi, sai ga ayarin samari da 'yan mata sun keto jar hanya, ba mai cewa uffan, sai ƙarar ƙafa. Ni kuwa ɗan hawan da ke gaban masaukina sai da ya sa na tsaya na ja numfashi.

Abin da ya kai ni shi ne makarantar sakandare ta St. Patrick, wadda wata ƙungiyar malaman Katolika daga Ayalan ta kafa a 1961. Wanda ya zo da tsammanin ganin katafaren filin wasa zai sha mamaki. Ajujuwa ne irin na kowace makarantar kwana, da ɗakin cin abinci inda ake tuƙa ugali, wato tuwon masara, a ci da ganye. Abin kallon yana tsakar gida: itatuwa ne a jere, an dasa kowanne da sunan ɗan tseren da ya ciyo lamba a idon duniya.

Wani ɗalibi da bai wuce shekara sha shida ba ne ya zaga da ni. Yana kiran sunayen ba tare da ya duba allo ba, kamar mai lissafa kakanninsa. Peter Rono, wanda ya ci zinare a mita 1,500 a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, lokacin da idon kowa ke kan Turawan Ingila. Matthew Birir, zinare a tseren tsallake shinge da ruwa a Barcelona a 1992. Wilson Kipketer, wanda tsohon zakaran tsere Kipchoge Keino ne da kansa ya ba shi shawarar zuwa makarantar, daga baya ya koma Denmark, ya kafa tarihin duniya a mita 800 a 1997 da minti 1 da daƙiƙa 41.11. Yaron ya ƙara da Mike Boit, mai lambar tagulla a Munich a 1972, da Ibrahim Hussein, ɗan Afirka na farko da ya lashe gudun fanfalaki na Boston, a 1988.

Na ce masa, "Ɗana, duk a littafi ka haddace su?"

Ya ce, "A'a, Malam. Wasunsu ai suna zuwa. A ɗakin da muke cin abinci suka ci nasu."

Wannan amsa ce, a ganina, ta fi duk bayanan da masana ke yi kan tsayin ƙasa da siraran ƙafafu da gudun zuwa makaranta. Waɗannan abubuwa na da tasirinsu, ba musu. Amma tudu ba a Iten kaɗai yake ba, mu ma muna da Jos da Mambila. Abin da ke nan shi ne yaro ba a talabijin yake ganin zakara ba. Yana ganinsa a layin shan shayi, ya ga ba shi da ƙafa uku, ya ji yana yaren Kalenjin irin na ƙauyensu, ya san gonarsa da shanun da kuɗin tsere suka saya. Gani ya kori ji.

Mutumin da ya riƙe wannan igiya shekara da shekaru shi ne Brother Colm O'Connell, ɗan yankin Cork, wanda ya zo a 1976 don koyar da labarin ƙasa, bai san komai game da horar da 'yan tsere ba. Wajen yaran ya koya, ta hanyar zura musu ido. A 1989 ya soma shirya sansanin horo lokacin hutun makaranta, ya buɗe ƙofa har ga 'yan mata a zamanin da mutane da yawa ke ganin gudu bai dace da ɗiya mace ba. A wannan sansani ne manya da ƙanana ke haɗuwa a hanya ɗaya. Ta nan David Rudisha ya shigo. Shi Bamasaye ne daga Kilgoris, kuma a wata makarantar maƙwabta ya yi karatu, amma a hannun Colm ya tashi. Mahaifinsa Daniel ya ci azurfa a tseren ba-ni-in-ba-ka a Meziko a 1968. A 2010 Rudisha ya karya tarihin Kipketer, sannan a Landan a 2012 ya sauke shi zuwa minti 1 da daƙiƙa 40.91. Kambun ya canza hannu, amma bai bar gida ba.

Kada a ɗauka kowa na dacewa. A kan kowane mai itace akwai ɗaruruwa da suka kama ɗakin haya a Iten, suna gudu safe da yamma, suna jiran wakilin da zai kai su Turai, har gwiwa ta gaza. Ga kuma matsalar ƙwayoyin ƙara kuzari, wadda ta sa Kenya ta kafa doka a kanta a 2016, kuma har yanzu ana kama 'yan tserenta. Kwaɗayin da ganin zakara ke sa wa yaro, shi ne dai dillalan ƙwaya ke amfani da shi.

Shi ya sa tsofaffin da suka fi burge ni ba masu lambobin ba ne. A gefen filin tsere na Kamariny na zauna da wani dattijo, tsohon ɗalibin makarantar, wanda ya ce bai taɓa wuce gasar lardi ba. Agogon awon gudu na rataye a wuyansa, hannunsa riƙe da wani littafi da ya sha ƙura, yana rubuta lokacin kowane yaro. Idan yaro ya fita da wuta a zagayen farko, ba ya tsawa. Sai ya bari ya ƙare yana haki, sannan ya kira shi ya nuna masa lambobin, zagaye bayan zagaye, ya ga inda ya kashe kansa. Ya tuna mini cewa Mike Boit gudu ne ya kai shi jami'a a Amurka, ya dawo da digirin digirgir, ya koyar a Jami'ar Kenyatta.

Muna cikin hira wani saurayi ya zo ya rusuna, ya ce yana son barin makaranta ya shiga sansanin manya, tun da wani ya yi masa alkawarin takalma da kuɗin abinci. Dattijon bai ɗago daga littafin ba. Ya tambaye shi sunan mutumin, ya rubuta a bayan shafi, ya ce zai bincika shi wajen abokansa na makaranta. Sannan ya ce, "Ranar Talata ka zo mini da sakamakon jarrabawarka. In lissafi bai gyaru ba, ba zan riƙe maka agogo ba."