Limamin da ya rubuta, da namu na Tafoki

A Tafokin yarintarmu, aikin liman bai tsaya ga jan salla ba. Shi ke raɗin suna, shi ke ɗaurin aure, shi ke biya mana allo da sassafe. In an idar da isha'i aka baza tabarmi a ƙofar masallaci, sai ya koma masanin tarihi. Namu, Allah ya jiƙansa, ya san gidan da ya taso daga Birnin Kogo, da wanda kakanninsa suka baro 'Yandoto bayan Muhammadu Bello ya ci garin zamanin jihadi. Ya san gonar gado, ya san ta jingina. Ko Maguzawan kewaye, in rigimar iyaka ta tashi, wurinsa suke zuwa, a kashe magana ba a kai ga alƙali ba. Mu yara dai labarin fataken Gwanja muke jira, masu tafiya da jakuna wata da watanni su dawo da goro.

Sai ina karatu a Zariya na san cewa wannan hanya ta Gwanja ta taɓa ɗaukar wani malami irinsa. Imam Umaru ke nan, haifaffen Kano a 1858, ɗan fatake, wanda ya zauna Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwarta. Daga nan ya koma Kete-Krachi, wadda a lokacin ke hannun Jamusawa, ya zama limamin zango yana karantar da almajirai, har ya rasu a 1934. Bambancinsa da namu guda ne: shi ya ɗauki alƙalami. Wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, ya riƙa tambayarsa, shi kuwa yana rubuta masa da ajami: tarihin Kabi, sarautu, sana'o'i, kasuwanni, aure, bauta. Ban ce Bajamushen don Allah ya yi ba, mai mulki ne ke son sanin waɗanda yake mulka. Amma takardun sun rayu. Ruwan tafkin Volta ya cinye tsohon garin Kete-Krachi, takardun kuwa a 2000 wani masani ɗan ƙasar Polan, Stanisław Piłaszewicz, ya buga su littafi.

Namu liman ba wanda ya zauna gabansa da takarda. Gani ake yana nan, gobe ma a tambaye shi. Ya rasu, sannan 'yan bindiga suka addabi Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, hirar dare ta mutu, dattawa da dama suka yi ƙaura zuwa Funtuwa. Kwanan baya 'yan uwana biyu suka yi sa-in-sa a kan wata fadama, kowa na cewa ta kakansa ce. Aka nemi tsohon da zai raba gardama aka rasa, yanzu maganar tana kotu.