Zuwa Ga Uwata, A Kan Kufan Surame

Uwata,

Saƙonki ya iso ni nan Sakkwato ta bakin kawunki. Wai kin tsare Inna da tambaya a kan kufan da ke bayan gonarmu a Boko, su wa suka zauna a wurin, ina kuma suka tafi, har ta gaji ta ce a tambayi babanki, shi ne mai yawon duniya. Wannan amsa tana bakin tsofaffin gari, in na dawo za mu je gaishe su tare. Yau labarin wani kufai zan ba ki, wanda na taka da ƙafata, kuma za ki ga ƙarshensa ya biyo ta kusa da ƙofar gidanmu.

Sunansa Surame. Yana yamma da Sakkwato, wajejen Binji da Silame, a kan tudu kusa da fadamar Gulbin Rima. Kin san ganuwar Katsina da na nuna miki daga cikin mota, ta ƙasa ce, kowace damina sai ruwa ya ɗebi rabonsa. Ta Surame da duwatsu aka yi ta, jajaye, an jera su ɗaya bisa ɗaya, ganuwa cikin ganuwa. Wani wuri ta zube ta zama tsibi, wani wuri tana tsaye har yau. A ciki babu kowa sai kukoki da ƙaya da sawun awaki. Na tsaya inda aka ce nan ne fada, na kasa kunne, ko kukan zakara babu.

Wanda ya gina birnin shi ne Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi na farko. Masu ba da labari suna cewa mahaifiyarsa 'yar Sarkin Katsina ce, kin ga ashe ɗanmu ne. Ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, da aka dawo sai rigima ta tashi a kan rabon ganima. Kanta ya ga an yi masa ƙwauro, ya ce daga yau ba ya bin kowa. Wajen shekarar 1516 ke nan, kuma wani malamin Tambutu, Abdurrahman Assa'adi, ya rubuta wannan a littafinsa na tarihin ƙasar Sudan. Songhai ta aiko da mayaƙa ba sau ɗaya ba, kowane zuwa ta koma da kunya.

Me ya sa ya zaɓi bakin gulbi? Ki tuna yadda fadamarmu take cikin Agusta, jaki ma sai ya nutse har gwiwa. To ki ƙiyasta fadamar da ta ninka ta sau da yawa, a ce mahayin doki da sulke ya ratsa. Ruwan ya tsare birnin, ya kuma ciyar da shi da kifi da shinkafa, ga jirage suna kai da kawowa har Kwara. An ce Kanta da kansa yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla.

Amma kada ki ɗauka mutumin sanyi ne. Kowane dutse da na dafa a ganuwar, wani ne ya ɗauko shi a ka, kuma ba don yana so ba. Garuruwan da Kanta ya ci su suka aiko da masu aikin gayya na dole. Ana ba da labarin cewa Nufawa sun makara, sai ya hana su ruwa, ya ce da man kaɗanya za su kwaɓa ƙasar sashensu. Ni dai da na ji wannan, masu dakon suka fi tsaya mini a rai fiye da mai birnin.

Akwai wani labarin, amma kada ki ba ƙannenki shi da dare. Sarkin Barno ya zo ya kewaye Surame, aka daɗe, har mutanen ciki suka ragu. Sai Kanta ya sa aka jingina gawawwaki a kan ganuwa, kowanne da baka a hannu, haƙora a waje kamar mai dariya. Barebari suka duba suka ce, mutanen da ke mana dariya bayan wannan wahala ba za su ciwu ba, suka kwashe kayansu. Daga nan ne wai aka samo maganar nan, dariya ba loto.

Yanzu ga inda labarin ya iso gida. Kanta ya bi Barebari har Nguru, ya yi nasara, ya juyo. A kan hanyarsa ta komawa, in ji masu tarihi, ya tsaya faɗa a wajejen Dugul da Ɗan Ashita, nan ƙasar Ingawa, maƙwabtanmu. Nan kibiya ta same shi, kuma raunin ne ajalinsa. Mutumin da ya gagari Songhai da Barno, Uwata, a irin ƙasar da kike kiwon awaki ya faɗi. Aka ɗauki gawarsa aka mayar Kabi.

Birnin ya rayu bayansa shekara fiye da 150. A farkon ƙarni na 18 yaƙi da Zamfarawa da Gobirawa da Azbinawa ya raunana Kabi, aka bar Surame aka koma Birnin Kabi. Shi ma ya faɗi hannun masu jihadi a 1805, daga baya Kabawa suka kafu a Argungu, inda ake bikin kamun kifin da kika gani a talabijin. Tsohuwar fadar garin yanzu gidan tarihi ce mai sunan Kanta. Surame kuwa gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964.

In Allah ya kai mu kaka, an gama yankan gero, zan ari babur ɗin kawunki mu je Dugul ni da ke, mu nemi tsohon da ya fi kowa tsufa mu ji yadda su suke ba da labarin. Ki tanadi littafi da biro, ke za ki rubuta. Ki gaida Inna, ki ce mata maganin ƙafarta yana cikin ƙullin da na ba kawunki.

Naki,
Babanki