Faffaɗar taya da hanyar rairayi

Kowane makiyayi ya san bambancin tafiyar raƙumi da ta jaki cikin rairayi. Kofaton jaki ƙarami ne, yana nutsewa. Tafin raƙumi faffaɗa ne, yana shimfiɗuwa bisa ƙasa, ya wuce da kayanshi. Haka abin yake ga tayar keke. Ga labarin wani tela na ƙasar Tasawa da ya gwada wannan magana da kekenshi.

Telan nan yana zaune a ƙauye, amma teburin ɗinkinshi yana cikin garin Tasawa. Kullum da safe sai ya tafi, da marece ya komo. Ya tara kuɗi ya sayi keke mai batir. Keke ne kamar kowane, da feda da sirdi da birki, sai dai akwai ƙaramin inji cikin ƙafar baya. Batir ke ba injin ƙarfi. Da dare ana cika batir da lantarki, ko da rana a cika shi da farantin hasken rana. Irin keken nan ya fi na gargajiya nauyi, yakan kai kilo 20 zuwa 30.

Bisa kwalta, a babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, keken yana tafiya sumul. Amma kafin tela ya kai kwalta, sai ya bi jar hanya mai gargada, ya kuma ratsa rairayi. A gargada keke ya yi ta jijjiga shi. Hannuwa su yi sanyi, baya ya ƙage. Mai ɗinki kuwa da baya da hannu yake cin abinci. A rairayi siririyar taya ta yanka ƙasa kamar garma, sai ya sauka ya tura. Da damina maiɗakinshi takan ba shi ƙwan zabi ya saida mata a gari. Sau da yawa wasu ƙwan sun fashe kafin ya isa.

Ya kai kukanshi wurin mai gyaran keke. Mai gyara ya nuna mishi lambobin da ke gefen taya. An rubuta 47-559. Lamba ta fari faɗin taya ce, milimita 47. Ta biyu girman zoben ƙarfen da taya ke zama a kai ne, milimita 559. Mai neman sabuwar taya yana iya canza lamba ta fari. Ta biyu kuwa tilas ta zama ɗaya da ta tsohuwar, in ba haka ba taya ba ta shiga. Ga ranar karatu: wanda ya iya lamba ba a saida mishi tayar da ba ta dace ba.

Suka zaɓi taya mai lamba 57-559. Ƙarin santimita 1 ne kawai. Amma iskar da take ɗauka ta ƙaru da kusan rabi. Kafin su saya, mai gyara ya auna tsakanin taya da ƙarafun keke, gaba da baya. Ana son a bar fili kamar kaurin fensir kowane gefe, don laka da tsakuwa su wuce, kada taya ta dinga gogar ƙarfe. Wajen cire ƙafar baya ya yi hankali. Akwai waya da ke shiga injin. Ya kashe keke, ya zare wayar a mahaɗinta, sannan ya kwance ƙafa. Wanda ya fizge ta da ƙarfi ya jawo ma kanshi gyara mai tsada.

Sirrin yana ga iska. Siririyar taya tana son iska da yawa, ta yi tauri kamar icce. Faffaɗa tana ɗaukar nauyi guda da iska mai sauƙi. In ta taka tsakuwa sai ta lanƙwashe ta shanye bugun, bai kai ga bayan mutum ba. In ta shiga rairayi sai ta baje, ba ta nutsewa sosai. Dalilin da ya sa aka ƙago tayar iska ke nan tun fari. A shekarar 1888 wani likitan dabbobi mai suna Dunlop, a birnin Belfast na tsibirin Ailan, ya sa ta ga ƙaramin keken ɗanshi don rage mishi jijjiga.

Tela ya ga canji tun satin farko. Gargada ta yi sauƙi. Ƙaramin rairayi yana ratsa shi bisa sirdi. Ƙwai suna isa kasuwa lafiya, in an shimfiɗa musu ƙaiƙayi cikin kwano. Yana zama ga ɗinki ba tare da ya dafe ƙugu ba.

Amma kowane allazi da nashi amanu. Faffaɗar taya ta fi nauyi, ta kuma fi tsada. Bisa kwalta, in iska ta yi kaɗan, tana jan batir fiye da da. Babban rairayi irin na cikin gulbi har yanzu sai an sauka an tura. Ƙaya ma ba ta san faɗin taya ba. Tsidau da ƙayar aduwa suna huda ta kamar yadda suke huda siririya. Don haka famfo da kayan faci ba su rabuwa da jakar tela.

Akwai wasu tayoyi masu faɗin santimita 10. Ana yin su don tafiya bisa ƙanƙara da rairayin hamada. Waɗannan suna da nasu keken dabam. Ba su shiga keken da muka saba da shi.

To ƴan'uwa manoma da makiyaya, dabarar nan tana aiki ga keke mai batir, tana kuma aiki ga keken feda. Mai son gwadawa ya riƙe abu 4. Ya karanta lambar tsohuwar tayarshi. Ya auna filin da ke tsakanin ƙarafu kafin ya fidda kuɗi. Ya sayi robar ciki daidai da faɗin sabuwar taya. Ya rage iska kaɗan-kaɗan, amma kada ta gaza abin da aka rubuta a gefen taya. In ta yi ƙasa ƙwarai, ƙarfe zai danne robar ciki bisa dutse, ya yi mata huda biyu kamar saran maciji. Kuma ranar da kaya suka yi nauyi, a ƙara ma tayar baya iska kafin a kama hanya.